Hannun Yaya a Kafaɗarta

To-Sai-Me ake kiranta a gida da makaranta, don ita ce amsarta ga kusan komai. An ce ta zo ta ɗaya a lissafi, to sai me? An ce ƙawarta ta yi fushi, to sai me? Shekararta goma sha shida, amma ta riga ta yanke hukunci cewa kowa ɗan wasan kwaikwayo ne.

A shagon babanta ta koyi haka. Mai hoto ne, ita kuma in ta taso daga makaranta sai ta zauna a lungu gaban kwamfuta tana gyara fuskoki. Ta goge ƙuraje, ta rage tumbi, ta jingina mutum da motar da bai taɓa shiga ba. Miji da mata su shigo suna hararar juna, Baba ya ce a yi murmushi, su washe baki kamar an biya su. Yayanta kaɗai take ɗauke wa wannan hukunci, shi ma ya bar gidan bayan wata rigima da Baba kan barin karatu, bai ko yi mata sallama ba.

Wata rana da yamma Baba ya sauko da hoton iyali daga bango, ya ajiye a gabanta.

"Nemo shi a kwamfuta. Ki cire min yaron nan."

Ta ɗaga kai ta dube shi. Ba wasa a fuskarsa. Ya tsaya a bayanta har tana jin numfashinsa a kan ɗankwalinta. Ta fara da goge kan Yaya, ta bi rigar, ta cike gurbin da launin labulen baya. Yaya ya ɓace, saura yatsunsa huɗu a kan kafaɗarta ta hagu.

"Hannun fa?" in ji Baba.

"Wannan a jikina yake."

"Na ce ki cire."

"Ba zan cire ba, Baba."

Ba ta taɓa ce masa haka ba. Fanka na ta juyawa. Baba ya fizge linzamin kwamfutar, ya yi ta dannawa, amma bai san inda ake taɓawa ba, hoton sai girma yake yi har yatsun suka cika allon.

Ana haka wata mata ta yi sallama da jaririnta. Nan take Baba ya juya da fara'a, "Maraba, maraba, ga kujera!" To-Sai-Me ta taɓe baki, ga irin abin da ta tsana. Sai ta lura kyamarar na rawa a hannunsa. Sau uku yana ɗauka hoton na fitowa dishi-dishi, matar har ta fara tsaki. To-Sai-Me ta tashi, ta karɓi kyamarar ta ɗauka.

Ba a sake maganar ba. Hoton bai koma bango ba, ba a kuma wanke sabo ba. Sun yi kusan wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su.

Yau, bayan shekaru, ita ke riƙe da shagon, idon Baba ya yi rauni. Har yanzu ba ta da yawan ƙawaye, kuma ba ta cewa kowa ya yi murmushi. Yaya kan kira ta jifa-jifa daga inda yake aikin walda. In wayar ta yi ƙara, Baba kan rage muryar rediyonsa, amma bai taɓa cewa a ba shi ba.