Ƙamshin Gyaɗar da Yaya Sule Ya Hana Mu

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Sule. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa sadakar waina, in yi addu'a, in ci gaba da harkokina. Bana abin ya ƙi wucewa haka, domin kunya ce ta kama ni, irin wadda ke hana mutum haɗa ido da hoton mamaci. A danginmu an bar wa Yaya Sule sunan da bai cancanta ba, kuma sunan ne nake so in wanke a gaban masu karatu tun ina da sauran numfashi.

A Kusada aka haife mu. Babanmu manomin gyaɗa ne, mahaifiyarmu kuwa, wadda muke kira Inna, ƙuli-ƙuli da alewar gyaɗa ne sana'arta tun kafin a samu 'yancin kai. Wanda ya doso gidanmu hancinsa ke fara yin sallama. Sai fari ya zo, cuta ta biyo bayansa ta kwantar da gyaɗa a gonaki, daidai lokacin da kuɗin fetur ke ta ƙara a birane. Samari suka yi ta tafiya. Yaya Sule ya nufi Kano ya samu aiki a wani kamfanin biskit da alewa, kuma daga ranar hatsin da muke ci daga guminsa yake fitowa.

Ina yarinya lokacin da ya fara zuwa hutun Sallah, amma ban manta ba. Ya sauko daga mota yana ƙamshin soyayyar gyaɗa, a garin da gyaɗa ta zama abin labari. Matan unguwa suka biyo shi har zaure suna leƙen kayansa, a zatonsu buhu ya ɓoye. Ya yi dariya ya ce a ɗakin haɗa ƙamshi yake aiki, inda ake ajiye wani ruwa mai suna firazin a cikin kwalabe masu duhu. Ya ce shi ne abin da ke tashi daga kasko idan gyaɗa ta soyu, sai dai an tattara ƙarfinsa wuri guda, har 'yan ɗigo kaɗan kan ishi kwaɓin da ya fi ɗakin Inna girma. Idan an tsarma shi haka, abinci ne. Idan yana tsagwaronsa kuwa, yana ƙona ido, yana cin fata, yana shaƙe maƙogwaro, ga shi ba ya shiri da wuta. Ba a buɗe shi sai da safar hannu da gilashin ido, tagogi a buɗe, kuma mai shan taba ko ƙofar ba ya dosa.

Inna ba ta ji kashedin ba, ƙamshin kawai ta ji. A lokacin alewarta ta koma sukari da gari, masu saye suna ta ƙorafi. A gaban matan ta dube shi ta ce, "To in za ka dawo, ka ɗan zubo mamu a kwalba. Ita ce tsarabata."

"Inna, wanga abu ba na gida ba ne," in ji shi. "Na san ki hwa. Hanci za ki fara sa mashi, sannan ki dangwala ki lasa, sannan ki juye a kasko bisa wuta."

"Yo abin da yara ke ci cikin biskit shi ne zai kashe ni? Ka dai ce ba ka so."

Gaskiya ya faɗa game da ita. Macen da ta tashi cikin man gyaɗa da hanci da harshe take gwada kaya, kuma abin da ya yi ƙamshin gyaɗa ba ta taɓa jin tsoronsa ba. Amma a wurinmu ɗa ba ya hana uwa abin da zai shiga aljihu, balle a gaban baƙi. Ya kawo atamfa, ya kawo shinkafa, ya kawo fitila, duk a banza. Duk zuwan da zai yi sai an tambayi kwalba, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Daga nan magana ta fita: rowar Sule. Yaro ya hana ɗan uwansa rake, rowar Sule. Mace ta rage gishirin miya, rowar Sule.

Ba zan ɗora wa sinadarin abin da bai yi ba. Hatsarin mota ne ya ɗauke Yaya Sule a hanyar Kano zuwa Kankia. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta yafe masa duniya da lahira, amma maganar ta riga ta shiga bakin dangi. Tun da ya hana, ba wanda ya ƙone, ba wanda ya makance, saboda haka babu abin da za a nuna a ce ga dalilinsa. Yau jikokinmu suna faɗar ta suna dariya, ba su ma san Sule mutum ne ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da zai zagaya kasuwar Kankia a yau. Filebo, wato irin wannan ruwan ƙamshin, ya zama gama-gari, kowace mai cincin da kek tana da nata. Wanda ke zuwa a rufe, da sunansa da bayanin yadda ake sa shi, ba ni da rigima da shi. Amma akwai masu sayo mai ƙarfin a jarka su ɗura a robar ruwan sha, babu suna babu gargaɗi, su jera a rana kusa da mai suyar awara. Mata kuwa shi suka fi so, wai ya fi auki. Abin da ya ƙi ba uwar da ta haife shi, ga shi ana miƙa wa duk wanda ya tsaya. Ina jin da duban mu kawai zai yi, kuma kallon zai fi zagi ciwo.

Ban yi zaton abin zai shigo har gidana ba. Hindatu, matar ɗana, tana yin alewa da cincin na sayarwa. Da daminar bana ta sayo irin wannan robar, ta zauna gefen murhu, ta yi abin da kowace 'yar gidan ƙuli-ƙuli za ta yi: ta buɗe, ta kai hanci, ta ɗan matsa robar don ƙamshin ya fito. Ruwan ya yi tsalle ya shiga idonta. Ta saki robar, abin da ya zube ya kama da wuta ya lashi gefen zanenta. Maƙwabta suka kashe wutar da ƙasa, sannan kowa ya kawo nasa magani. Wannan ta ce a ɗiga nono, waccan ta ce man shanu. Ni kuwa maganar da na ji a zaure ina yarinya ce ta faɗo mini, cewa a kamfani idan ya taɓa ido ruwa ake ta kwarara ba ƙaƙƙautawa. Na daka musu tsawa, na riƙe kanta, muka yi ta zuba ruwa har randa ta kusa ƙarewa kafin ɗan acaɓa ya iso.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni sunan abin da ya shiga idon. Na miƙa mata narkakkiyar roba. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta dube ni. Tsohuwa da furfurata, ƙanwar mutumin da ya yi mana bayanin abin nan dalla-dalla, na rasa abin cewa sai "na ƙamshin gyaɗa ne." Ban taɓa jin na muzanta irin na ranar ba. Allah Ya taimaka idon ya tsira, ko da yake har yanzu ba ta iya kallon rana sosai.

Da Hindatu ta samu sauƙi na hau babur zuwa ƙauyen Kaikai wurin Yaya Mairo, matar da Yaya Sule ya bari, wadda ta koma cikin danginta tun bayan takaba. Na je ne in gaya mata cewa mijinta ya yi gaskiya. Ta saurare ni tana tsintar wake, ba ta ko ɗago ba.

"Sai yanzu kuka sani?" ta ce. "Ni da na riƙa shafa mashi magani. Farkon zuwanshi kamfanin, kafin a fara ba su safa, abin ya zubo mashi tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Fatar ta saɓule. Tabon na nan har ya koma ga Allah."

Na ce, "To mi ya hana ya nuna ma Inna? Ai da magana ta ƙare."

"Na ce mashi haka. Ya ce in Inna ta ga hannun, rantsuwa za ta yi ba zai koma Kano ba, kuma ba zai iya tsallake rantsuwarta ba. To ku ci mi? Ya ce gara a kira shi marowaci, cikin kowa a ƙoshe."

Na dawo gida ban iya cin abinci ba. Yaya Sule bai bar gona ba, bai bar gini ba, 'ya'yansa mata biyu suna gidajen aurensu nesa da mu. Idan aka auna abin da ya rage nasa a duniya, idon Hindatu ne da ke gani, da mu da muka rayu a shekarun da gyaɗa ta mutu, sai kuma wata muguwar kalma da na haramta a gidana amma ba ni da ikon cire ta daga bakin dangi duka. Shi ya sa na kawo ta nan. Duk wanda ya taɓa jin ta a bakin wani namu, ya sani mutumin da ake nufi ya ɓoye ƙunarsa ne don mu ci. Mun ci, mun ƙoshi, muka kuma kira shi da sunan. Allah Ya jiƙanka Yaya, mu kuma Ya yafe mana.