Shekara Shida Babu Yaya Habibu, Jarkar Feshi Tana Nan

Shekara shida ke nan da ciwon ƙoda ya ɗauke yayana Habibu, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba. Ba da ƙaddara nake ja ba. Da mutanen gidanmu nake.

A jami'a, ƙwayoyin halittar ƙoda Yaya yake bincike. In ya zo ƙauyenmu a yankin Tsanyawa, Inna kan tsokane shi, wai me yake ta leƙe haka. Sai ya ce, "Inna, kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin da ta gada. Akwai sinadaran da ke rufe wani umarnin, kamar a liƙe bakin rumbu da laka. Hatsi na ciki, amma ba a ɗiba. Wani rufin daidai ne. In kuwa aka rufe wanda ƙoda ke gyara kanta da shi, sai ta lalace ba a sani ba." Abin da ke jawo mugun rufin yake nema, kuma bai taɓa cewa ya gano ba.

Abu ɗaya ya roƙa: a daina zuba ruwan sha a jarkar maganin feshi. A wajenmu in magani ya ƙare, da toka ake ɗauraye ta a tafi da ita gona, don ta fi sauran jarkoki ƙwari. Baffa, ƙanin mahaifinmu, dariya ya yi masa, wai toka ba ta barin komai. Ranar jana'izar, wallahi da idona na ga an fita da ruwan masu haƙar kabari a irin jarkar nan.

Bana ƙafafun ƙaninmu Nasiru suka fara kumbura. Manomi ne, 'ya'yansa ƙanana. Baffa ya ce sanyi ne, ya sayo masa jiƙo ran kasuwa. Na ce asibiti za mu, a gwada ƙodarsa.

"Ke Hadiza, ni za ki musa wa?"

"Baffa, ka yi haƙuri. Mun binne ɗaya, ba zan zauna a binne na biyu ba."

Da Yaya ne, lallashi zai yi. Ni Allah bai ba ni wannan sanyin ba. Bincikensa ya tsaya inda ya bar shi, abin da ya rage shi ne maganarsa a bakin ƙanwa mai faɗa. Na kai Nasiru asibiti, likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, amma an zo da wuri. Baffa ya daina amsa gaisuwata. Ya riƙe abarsa, ni dai Nasiru ya yi shuka bana.