Muryar Baba a Cikin Waya

Tun tana 'yar shekara tara ubanta ya laƙaba mata Injiniya, ranar da ta kwance rediyon gidan ta mayar da shi ya ci gaba da magana, ga kuma kusoshi uku sun yi saura a hannunta. Sunan ya bi ta har girma. Yau ita ce malamar kwamfuta a wata makarantar sakandare, a ɗaki mai kwamfuta goma sha biyu, biyar suna aiki, sauran an lulluɓe su da ƙyalle. Ba ta da surutu. In ka gaishe ta sai ta ƙarasa layin da take rubutawa kafin ta ɗago kai. Wasu suna cewa girman kai ne, alhali baiwar Allah ba ta ma ji ka ba.

Da kanta ta koyi Python, harshen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, don ta gaji da tara makin ɗalibai da hannu. 'Yan ƙananan shirye-shirye take rubutawa, kuma a laftof ɗinta kaɗai suke aiki.

Baba kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas, kuma bai taɓa gane cewa ya bar tasha ba. In ya ce a kawo masa ruwa, har maƙwabta sai sun ji ƙishirwa. Kullum Inna, matarsa, tana cewa, "Malam, rage murya, ba fasinja kake kira ba." Sai ya ce, "Ai raɗa nake yi."

Da muryar ta fara dishewa kowa ya ce mura ce. Wata huɗu ana ta shayi da zuma, kafin likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Za a yi tiyata bayan mako biyar, kuma muryar ba za ta dawo ba. Baba bai iya rubutu ba, in ban da lambar mota.

Injiniya ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta zauna ta rubuta shiri mai sauƙi: maɓallai masu hotuna, ka danna hoton kofi murya ta ce "ruwa". Matsalar ita ce Baba ba zai riƙa yawo da laftof ba, dole abin ya zama manhaja a wayarsa. Ta samo samfurin da masu wannan sana'a suka tanada, wato ginannen gida ne babu kaya a ciki, kai dai ka zuba shirinka a ɗakin da aka nuna, ka cike suna, kwamfuta ta ɗaure maka shi ya zama manhaja. Faɗa da baki ke nan. Kwana tara ta yi tana fama. Duk lokacin da ya ƙi, sai ta cire shi daga wayar ta sake sakawa, har hannunta ya haddace hanyar.

Ranar da shirin ya yi aiki ta miƙa wa Baba wayar ta ce ya yi magana, ya ɗauki muryarsa a kowane maɓalli. Ya kalli wayar, ya kalle ta.

"A gabanki? Kamar wani ɗan makaranta? Nuna mini inda ake dannawa ki ba ni wuri."

Ta nuna masa. Ya riƙa kulle kansa a ɗaki bayan la'asar, suna jiyo shi yana gyaran murya yana maimaitawa. Kafin ranar tiyata ya cika maɓalli sittin da uku, duk a cikin manhajar, a cikin wayarsa kaɗai. Ta sha cewa za ta kwafe su ta ajiye wani wuri. Amma wayar ba ta barin aljihunsa, ga zaryar asibiti, ga jarrabawa a makaranta, sai gobe ta riƙa haifar gobe.

Shekara ɗaya da rabi wayar tana magana a madadinsa. Ashe ba ruwa da magani kaɗai ya ɗauka ba. Akwai "Wa ya taɓa mini takalmi?" Akwai "Gishiri ya yi yawa," wanda yake dannawa tun kafin ya ɗanɗana. Akwai dariyarsa zalla, wadda yake sakewa in Inna ta fara faɗa. Inna takan ce, "An cire maƙogwaro, ba a cire neman magana ba." Wasu maɓallan kuma bai taɓa danna su a gaban kowa ba, ba a san me ya ajiye a ciki ba.

Sai idonsa ya fara rauni, yana neman kofi yana danna takalmi. Wata Asabar da hantsi Injiniya ta ce ya kawo wayar ta ƙara wa hotunan girma, aikin minti goma. Tsohuwar laftof ɗinta ta riga ta mutu, da sabuwa ta zo. Ta gyara shirin, ta ɗaure shi, ta jona kebul. Wayar ta ƙi karɓa. Kowace kwamfuta tana buga wa manhajar da ta ɗaure hatiminta, waya kuwa ba ta yarda sabon hatimi ya hau kan tsoho. Ta san wannan sarai, har ta taɓa koya wa ɗalibai. Amma hannunta ya riga kanta. Ta cire tsohuwar manhajar, ta saka sabuwar, kamar yadda ta yi sau ɗari a baya.

Manhajar ta buɗe. Hotuna manya, gwanin kyau. Ta danna kofi, shiru. Ta ƙara sauti ta sake dannawa. Sai a lokacin ta tuna cewa manhaja in ta fita, da duk abin da ke cikinta take fita.

Awa biyu ta yi tana tono a wayar, folda bayan folda, tana gumi, ta san babu amma ta kasa dainawa. Baba yana zaune a kujerarsa ta roba, hannunsa a buɗe a kan gwiwa yana jira. Tun da take ba ta taɓa tsanar kanta kamar ranar ba.

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, na yi ɓarna. Muryar ta goge. Duka."

Bai gane ba. Ya karɓi wayar ya danna wannan, ya danna wancan, ya kara ta a kunne, ya girgiza ta kamar yadda yake yi wa tocila.

Inna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Me ya goge? To mene ne abin kuka, Injiniya? Ba sai ya sake ɗauka ba, ai shi ba ya gajiya da—"

Ta tsaya. Baba ya ɗago ya dube ta, ya buɗe baki zai ba ta amsa. Iska ce kawai ta fito ta ƙaramin ramin da ke wuyansa.