Ina Waɗanda Ba Su Dawo Ba?

Ranar kasuwar Maƙarfi na ji mai tallar magani yana shela a lasifika, wai duk wanda ya sha ya warke. Na tuna marigayi, masanin ƙididdigar da na yi wa tafinta lokacin da likitoci ke gwajin wani maganin yara a yankinmu.

Na yi aiki da masu bincike a Sudan da Kamaru, ban ga mai naci irinsa ba. Kullum tambayarsa ɗaya: "Ina waɗanda ba su dawo ba?"

Likitoci suna murna, domin yaran da aka dawo da su asibiti duk sun murmure. Shi kuwa ya ƙi sa hannu a rahoton, ya ja ni wata ruga bayan Malikanchi. Muka tarar da wata uwa da aka ba ɗanta maganin tana daka, hayaƙin kara ya cika gidan. Na tambaye ta ɗanta da Fillanci. Ba ta ajiye taɓarya ba, ta nuna wani sabon tudun ƙasa da haɓa.

"Baba, me zan je in ce wa asibiti? Mai shi ya karɓi abinsa."

A mota marigayi ya ce, "Alhaji, wanda aka binne ba ya zuwa awo. In ba mu ƙirga shi ba, maganin nan zai shiga kowane gida." Aka dakatar da gwajin.

Da na dawo daga kasuwa, na tarar da kwalbar mai lasifikar nan kusa da shimfiɗar jikana, an riga an buɗe ta.

Allah Ya haskaka kabarin masanin nan, Ya ba mu masu irin tambayarsa tun kafin a ɗauko magirbin haƙa kabari.