Ranar da maigidana ya gudu da 'yarmu

Shekarun baya, muna zaune a Birnin Kudu, maigidana yana da shagon ɗinki a bakin kasuwa. Mutum ne mai barkwanci, ko ɗinkinka ya makara sai ka bar shagon kana dariya. 'Yarmu ɗaya, shekararta huɗu.

A hankali abin ya fara. Ya daina zama a majalisa. Sai ya rufe tagogi da rana tsaka, ya ce ana leƙenmu. Daga nan ya ƙi cin abinci sai na fara ci a gabansa. Ni kuwa, uwar wauta, har daɗi na ji da farko, wai duk duniya ni kaɗai ya yarda da ita. In maƙwabta sun tambaya sai in ce taifod ne. Taifod ɗin nan sai da ya shekara uku a bakina.

Mahaifiyarsa ta zo daga Maruta ta ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka yi ruƙiyya. Ya lafa sati biyu, ya dawo. Sai in ji shi a ɗaki yana amsa wa waɗanda ba na gani: "Na ji, na ce na ji!" Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma wuƙaƙen gidan duk na kai su ajiya maƙwabta.

Mahaifina ya ce, "Ki tattaro ki dawo gida, ba mai zarginki." Na ce, "Baba, in na taho, abincin wa zai ci?" Bai sake maganar ba.

Wata rana da bazara na kai niƙa, na dawo babu shi babu yarinyar. Na zaga unguwa, na je shago, na je tasha, a nan wani direba ya ce ya ga sun hau motar Gwaram, hanyar ƙauyensu. Na kira yayansa, ya ɗauke ni a babur. Sai bayan la'asar muka same su a gonar marigayi mahaifinsu a Maruta, ƙarƙashin ɗorawa. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa mata, shi kuwa ba ko takalmi, leɓɓansa duk sun tsage.

Yayan nasa ya kwanto igiya daga bayan babur. Na ce, "Yaya, don girman Allah ajiye igiyar nan." Na ƙarasa ni kaɗai, na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Sun ce yau za su ɗauke ta. Na rasa inda zan kai ta." Hawaye na zubo masa.

Kullum nakan ce masa babu kowa. Ranar ban faɗa ba. Na ce, "Ka kyauta da ka tsare ta, Malam. Ka gaji. Kawo in karɓe ka."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini ita. Ya ce, "Wallahi na gaji da su."

Dangi suka yanke a kulle shi a ɗaki a ƙauye. Na ce asibiti. Mahaifiyarsa ta ce, "Wajen mahaukata za ki kai mini ɗa?" Na ce, "Inna, ko can ko igiya." Ta yi kuka, amma ita ta riƙe hannunsa a mota. Da likita ya tambayi yaushe abin ya fara na ce shekara uku, bai yi mini faɗa ba, rubutawa kawai ya yi. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Yau yana shan magani, ya koma kan kekensa, sai dai hannun na ɗan rawa. Abin da ke cina har yanzu shi ne na ɗauka rufin asiri nake masa, alhali shi kaɗai na bari da tsoron nan, don kada a nuna ni a gidan biki.

Kwanaki na tambayi 'yarmu ko tana tuna ranar. Ta ce, "Sosai, Umma. Ranar da Abba ya goya ni a wuya ya saya mini rake." Ban gyara mata ba, don ita ma gaskiya ta faɗa.