Kazar Kalgo da Kwandon Kaka

Ranar wata Laraba ce cikin daminar 1986, ruwa ya ɗauke ke nan, tsakar gidanmu na Gwandu duk ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ga Kaka, mahaifiyar Innata, ta yi sallama daga Kalgo, ƙullin kaya a ka, kaza a hammata. Budurwar kaza ce, ja mai ɗigon fari a wuya, an ɗaure mata ƙafafu da tsumma. Kaka ta ce tawa ce, tukuicin an yi mini kaciya ban yi kuka ba. Gaskiya na yi kuka har maƙwabta suka leƙo, amma labarin bai kai Kalgo ba, ni kuma ban ga dalilin gyara shi ba.

Kajin gidanmu tara ne, shugabarsu wata tsohuwar baƙar kaza da muke kira Magajiya. Ko zakara sai ta ƙoshi yake matsowa kusa da tsaki. Shi ya sa Kaka ba ta saki baƙuwar ba. Ta kife ta da babban kwando a gindin dogon yaro, ta ɗora dutse, ta sa mata ruwa a kasko, ta watsa tsaki ciki da waje don su ci tare suna kallon juna. "Kwana bakwai," in ji ta. "Sai ido ya saba, sannan baki shi bari." Rana ta takwas da magariba, in kaji sun shiga akurki, a sa ta cikinsu su wayi gari tare.

Ni kuwa lokacin babu abin da ke kaina sai dambe. Abokina Ɗanjuma ya leƙa kwandon ya ce kazar Kalgo ba ta iya tsayawa gaban ta Gwandu, wai mutanen can da kifi kaɗai suka iya kokawa. Na ji an zagi dangin uwata. Washegari Baba da yayyena suka tafi gona wajen Maruda, mata suka tafi gidan suna, na kira Ɗanjuma, na sauke dutsen, na ɗage kwando.

Ba a yi damben ba. Kazata ko fiffike ba ta ɗaga ba. Magajiya ta sare ta a tsakar ka, jini ya fito, sauran kuma da suka ga ja sai suka rufar mata gaba ɗaya. Kafin in raba su da kara, ta kwanta a bayan randa, ido ɗaya a rufe, wuya ya saki. Ɗanjuma tuni ya tuna an aike shi.

Da Kaka ta dawo ta tambayi wa ya ɗage kwandon, na ce iska ce. Ta ce, "Iskar garin ga tana da ladabi, har da jingine dutse a bango." Ba ta doke ni ba, kuma da ta doke ni da na fi samun sauƙi. Ta wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, ta shafa man kaɗe, ta barbaɗa toka don kada a ga ja. Sannan ta kamo Magajiya ta kife ta da kwandon, wai ta yi kwana uku a ciki girman kai ya sauka. Ta juyo gare ni: "Kwando guda ne a gidan ga. Daga yau kai ne kwandon kazarka. In ta mutu, kai ka kashe ta."

Haka na zauna gindin dogon yaro da kara a hannu, ina jiyo yara suna langa a waje. Ni da zaman aji ya gagare ni har na bar boko a aji uku, wannan ne karatu mafi tsawo da na taɓa yi. Na gane wadda ke sarar wata, da wadda ke ramawa a kan ta ƙasa da ita. Na koyi raba tsaki wuri uku don kada baki ya haɗu. Kwana biyu kazata ba ta ci komai ba, ina ɗiga mata ruwa da yatsa. Rana ta uku ta tsinci ƙwayar gero a tafin hannuna. Da aka saki Magajiya, ta tarar wata ta hau kujerarta, ta shagala da ƙwato sarautarta, ta manta da baƙuwa. Ranar da Kaka ta sa kazata a akurki, da safe suka fito tare, sara ɗaya aka yi mata na gaisuwa, shi ke nan.

Ta rayu, amma idon bai dawo ba. Shekara ta zagayo aka kawo wata baƙuwa, kuma mai ido ɗayan nan tawa ce ta fara zagaya kwando tana neman inda za ta zura baki. Ranar dutse biyu na ɗora.

Yanzu 'ya'yana kajin gona suke sayowa cikin kwali, duk fari, babu mai suna, wata biyu an yanka. Kaka ta daɗe da rasuwa, dogon yaron ma an sare shi an yi ɗaki. Amma har yau in na ga baƙo ya raɓe a gefen majalisa, sai in matsa masa a tabarma, in zauna tsakaninsa da masu baki. Aikin kwando dai na iya.