Kawu Mai Wanki da Rigar Ruwan Madara

Shekara talatin da ɗaya Kawu yana wanki da guga a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran waya da mai aski. Baho uku gare shi, igiya biyu, da dutsen guga da ya girmi rabin masu kawo masa kaya. A wurinsa fari iri ɗaya ne, fari tas. Abin da bai kai haka ba datti ne, maganinsa kuwa bula.

Ana saura kwana uku bikin 'yar ƙanwarsa, ta kawo masa rigar aurenta, don ƙasanta ya kwashi ƙura wajen gwaji a shagon tela.

"Kawu, ƙasan kawai za ka wanke mini. Don Allah a hankali."

"Ni na wanke zanen goyonki," in ji shi. "Je ki abinki."

Da ta tafi ya ɗaga rigar a bakin ƙofa, ya dube ta a rana, ya girgiza kai. Duk ta yi wani ja-ja, kamar wadda ta shekara a akwati. An cuci yarinya da tsohon yadi, ita ba ta ma sani ba. Bai kira ta ba, don kada ya ɓata mata rai. Ya jiƙa rigar gaba ɗaya, ya wanke, ya tsoma ta a bula har sau uku.

Leshin hannu da na wuya suka sha bula, suka yi fari har da ɗan shuɗi-shuɗi. Jikin rigar mai santsi ya ƙi sha, ya zauna yadda yake.

Washegari amarya ta zo, ta ga rigarta a igiya launi biyu. Ta kifa bokiti ta zauna a kai.

"Kawu, ruwan madara ce fa. Wata biyu na yi ina neman launin nan."

"Da gangan?"

"Da gangan."

"Mutum da hankalinsa?"

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. "Tsoho, garin neman gira ka rasa ido."

"Koma ka ƙarasa aske ɗan mutane."

Amarya ta kira tela a waya. Tela ya yi salati, sannan ya ce a dafa ganyen shayi, ba sukari ba madara, a tace, a riƙa tsoma leshin kaɗan-kaɗan har ya koma.

Shi kuwa Kawu, duk tsawon rayuwarsa cire tabon shayi yake yi daga kayan mutane. Sai ya tashi ya ɗora ruwa. Ya fara gwadawa a cikin haɓar hannun rigar, inda ido ba ya kaiwa, ya busar, ya kara da jikin rigar, ya sake. A tsomi na huɗu launin ya haɗu, ko tela ba zai gane ba. Amarya ta rungume rigar ta fashe da kuka, shi kuwa yana kallon bango.

Ranar biki ya tsaya can baya. Wata daga dangin ango ta matso kusa da shi.

"Baba, an ce sana'arka ce. Kai ka wanke rigar nan? Ta yi kyau."

Kawu ya dubi rigar daga nesa, har yanzu ja-ja.

"Ba aikina ba ne," in ji shi.